Datsun 240Z: in ɗauki ta 1972 ko ta 1973?

Abu Khadija: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ɗan ƙure mini. Motoci biyu ne a gabana, duka Datsun 240Z, duka sitiyarin hagu, irin waɗanda aka ƙera wa kasuwar Amurka. Ɗaya ta 1972 ce, tana nan Jidda wajen Ubhur, ruwan lemo, fenti sai sheƙi yake, kafiretonta mai zagayen kai. Na murza makulli, bugu ɗaya ta kama. Ɗayar ta 1973 ce, fara, tana Riyad, a Haraj, dandalin saye da sayarwa, na gan ta. Fenti ya koɗe, dashbod ya tsage, kafiretonta mai shafaffen kai ne, kuma mai ita bai ɓoye mini komai ba, ya ce in ta yi zafi a cunkoso takan mutu sai an jira ta huce. Ta Jidda ta ɗara ta da wajen riyal dubu 20. Duk wanda na tuntuɓa cewa yake 72 ita ce mota, 73 wahala ce. Mai ta Jidda ya ba ni zuwa Alhamis. Ni ba ajiya zan yi ba, hawa nake so, ko da ranar Juma'a ce kaɗai.

Nasiru (Riyad): Wa alaikumus salam. Yaya Abu Khadija, ka biya dubu ashirin ɗin ka huta. A 72 Datsun ta gama gyara ƙananan matsalolin na farko, ta sa sabuwar giya, ta matsar da difaranshal baya don rage girgiza, kuma dokar hayaƙi ba ta riga ta shaƙe injin ba. 73 kuwa ita ce shekarar da aka ɗora mata wannan kafireton da kowa ke kuka da shi, aka ƙara mata bamba mai nauyi. Ranar da ka tashi sayarwa za ka tuna maganata.

Alhaji Bala (Makka): Kafin a kai ga kafireto, ɗana, ka ga istimara, wato takardar rajistar mota, da idonka? Ƙaramar motar da ta wuce shekara 5 ba a shigo da ita ƙasar nan, sai irin waɗannan na tarihi da suka haura shekara 30, su kuma akan rubuta a katin kwastan ɗinsu cewa ba na hawa titi ba ne. Tunda hawa ka ce kana so, wadda ke da lamba da istimara mai rai, kuma take tsallake fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ita ce abin magana. Kada ka sayi abin da zai zauna maka a gareji.

Abu Khadija: Na gode Baba Alhaji. Ta Jidda na ga istimararta. Ta Riyad ya turo mini hoto, lamba da istimara duka akwai, amma zan sa a tabbatar.

Usta Haruna: Salamu alaikum. Na ga maganar tun da rana, hannuna na cikin mai ne. Bari in yi bayanin kafireton nan, don ana tsoronsa fiye da yadda ya kamata.

Injin iri ɗaya ne a motocin biyu, L24, silinda shida a jere, cc 2,393. Abin da za ku lura da shi a wannan inji shi ne, mashigar mai da mafitar hayaƙi gefe ɗaya suke. In ka ɗaga bonet ka leƙa, kafireto biyun suna zaune ne daidai saman manifol ɗin salansa. To a 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsabtar iska, kowace shekara ana ƙara matse kamfanoni. Da aka zo ƙirar 73 sai Nissan ta sauya kafireto, ta rage man da yake sha, ta sa bawul mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, ga kuma ruwan lagireto mai zafi yana bi ta jikin kayan. Zafi ya taru wuri ɗaya. In kana gudu iska na shiga, lafiya lau. Da ka tsaya a danja, ko ka kashe ta ka shiga kanti ka fito, fetur ya riga ya tafasa a cikin bututu, famfo na turo tururi maimakon mai. Shi ne mutuwar da mai motar ya faɗa maka. Kamfanin da kansa ya san da haka, har dillalansa suka riƙa ƙara famfon lantarki kusa da tanki suna naɗe bututun mai da abin tare zafi.

Wannan a Amurka ke nan. Ka ƙiyasta da titin Madina a watan Yuli bayan la'asar.

Amma fa dukan wannan abu da noti aka ɗaure shi. Ana kwance shi. Ka samo kafireto mai zagayen kai da manifol ɗinsa da gidan iskarsa da sandunan totur, a toshe hanyar ruwan zafin, a sa farantin tare zafi, injin 73 ya koma yana numfashi kamar na 72. Aiki ne da ba ya cin mako. Shi ya sa yawancin 73 da ke yawo a duniya yau an riga an yi musu haka.

Tambayata gare ka ita ce: ta Ubhur ɗin, ka shiga ƙarƙashinta?

Abu Khadija: A'a Usta, na dai durƙusa na leƙa. An shafe ƙasan da baƙin kwalta, tsaf yake.

Usta Haruna: Wannan baƙin shi ya sa na tambaya.

Ibrahim Samkari: Usta ya riga ni. Yaya Abu Khadija, ni aikina ke nan, kuma motar nan ta sha shigowa hannuna. 240Z ba ta da shasi daban irin na Dadsan ɗin ɗaukar kaya da za ka ɗage jiki ka ajiye gefe. Jikin shi ne shasin. Ƙarfen kuma siriri ne, shi ya sa nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, shi ya sa take tashi da wuri, kuma shi ya sa tsatsa ke cinye ta. Wuraren da take fara ruɓewa sanannu ne. Ƙarƙashin batir, inda ruwan batir ke ɗiga ya ci tire ya gangara kan dogon ƙarfen da ke riƙe da inji. Daɓen ƙarƙashin ƙafar direba da na mai zaman gefe. Lungun da ke gaban tayar baya, ƙasan ƙofa. Leɓen da ƙofar baya ke sauka a kai, da ramin safaya taya.

Motar da ta yi shekaru a Ubhur kuwa, iskar gishiri take shaƙa dare da rana. Ku da kuke Jidda kun san yadda raɓa ke kwana a kan gilashi. Sannan kada a manta ambaliyar ruwan Jidda ta 25 ga Nuwamban 2009, da ta Janairun 2011. Motoci nawa ne suka nutse a unguwar Guwaiza da kewayenta, aka wanke aka fesa aka sayar? Ban ce wannan tana ciki ba. Na ce a duba.

Sabon fenti a kan tsohuwar mota kamar sabon yaɓe ne a katangar da ruwa ya ci gindinta. Ka tafi da ɗan maganaɗisu, ka naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce, ka bi da shi ƙasan ƙofofi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, foti ne aka cika.

Nasiru (Riyad): Malam Ibrahim, da girmamawa, kun yanke wa motar hukunci ba ku gan ta ba. Ita ta Riyad ɗin wa ya ce lafiyayya ce? Daga Amurka ta zo ita ma, in daga jihar da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara ta fito, ai ta riga ta ruɓe kafin ta ga Riyad. Kuma ni abin da nake kallo shi ne asali. A 2020 an sayar da wata 240Z ta 1971 a gwanjon intanet a Amurka dala 310,000. Me ya kai ta wannan kuɗi? Ba a taɓa komai a jikinta ba. Da ka cire kafireton 73 ka sa na 72, ka sami motar da ba ta nan ba ta can.

Ibrahim Samkari: Gaskiyarka a kan ta Riyad, ita ma sai an shiga ƙarƙashinta. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa da ita shi ne koɗaɗɗen fentin. Tsohon fenti ba ya iya ɓoye tsatsa, in akwai za ta kumburo ka gan ta.

Usta Haruna: Nasiru ɗana, waccan da ka ambata ba a hawanta, shi ya kai ta wannan kuɗin. Kuma ta rukunin farko ce, masu ramin iska a jikin ƙofar baya, ba 72 ba ce. In tsadar asali ake nema, su ne a gaba, 72 da 73 duk a bayansu suke. Shi kuwa Abu Khadija ya ce Juma'a yake son ya fita da ita. Mutumin da zai hau hanyar Hada ya nufi Ɗa'if, yana hawan dutse da giya ta biyu da ta uku a bayan jerin motoci, abin da ya dame shi fetur ya isa inji, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa kuma ya riƙe.

Ummu Yusuf: Ku yi haƙuri in tsoma baki, ni ban san kafireto ba. Amma mun taɓa shiga irinta, ta wani ɗan'uwan maigidana, daga Balad zuwa Kornish, na sauka kaina na sarawa saboda warin hayaƙi a ciki. Abu Khadija, in za ka riƙa ɗaukar Khadija a gefe, ka tambayi wannan tukuna. Kujera biyu ce kawai, yarinyar tana kusa da komai.

Usta Haruna: Hajiya kin taɓo abu mai muhimmanci, kuma duka shekarun biyu suna da shi. Yadda bayan motar yake, iska na juyo da hayaƙin salansa ta manna shi a ƙofar baya. In robar ƙofar ta bushe, ko ta fitilun baya, ko akwai huda a ramin taya, sai ya shigo, musamman in an sauke gilashin gefe. Roba ce ake canzawa, ba ta da tsada. Amma in leɓen da robar ke zama a kai ya ruɓe, kin ga mun koma maganar Ibrahim.

Musa Takari: Ni dai zuciyata na kan 73 saboda wani dalili daban. Mahaifina a Wad Madani ya tashi, kuma shi ya fara ba ni labarin tseren Safari na gabashin Afirka, yadda 240Z ta cinye shi a 1971 da Edgar Herrmann, ta sake cinyewa a 1973 da Shekhar Mehta. Motar Japan ta doke na Turai a laka da ƙurar Kenya. Duk inda na ga 73 sai in tuna.

Nasiru (Riyad): Motar tseren ba ta da shafaffen kafireton Amurka fa, Malam Musa.

Musa Takari: Na sani. Ita ma ta Abu Khadija ba za ta daɗe da shi ba in Usta ya sa hannu.

Alhaji Bala (Makka): Akwai abin da ban ji an faɗa ba. Dubu ashirin ɗin da ke tsakani, ba duka za su zauna a aljihunka ba, ɗana. Ɗauko mota daga Riyad, kilomita wajen 950, a kan sataha, wato motar ɗaukar motoci, za ta zo, don ba za ka tuƙo motar da ke mutuwa da zafi ta wannan hanya ba. Ga kafireto, ga fenti in kana so, ga dashbod. Ka zauna da biro ka lissafa. Kuma kada ka ci bashi a kan abin sha'awa, kada ka taɓa kuɗin sabunta iƙama, takardar zama, ko na makarantar yara. In daga rarar da Allah ya hore maka ne, Allah ya sa albarka.

Abu Khadija: Amin Baba Alhaji. Tarin shekaru ne, na ware shi don wannan, ba bashi a ciki. Usta, in na roƙi mai motar ya kawo ta warsharka, wato garejinka, gobe bayan azahar, za ka samu lokaci? Nasiru, kai kuma don Allah ko za ka iya leƙa mini ta Riyad? Na san ba ita kake so ba, shi ya sa ma na fi son idonka.

Usta Haruna: Kawo ta. In ya ƙi a ɗaga ta sama, ka riga ka samu amsa.

Nasiru (Riyad): Zan je in sha Allah. Usta, me zan duba bayan wuraren da Malam Ibrahim ya lissafa?

Usta Haruna: Buɗe ƙofar direba, akwai ɗan faranti a jikin ginshiƙin, yana ɗauke da wata da shekarar da aka ƙera ta. Kada ka ruɗe in ka ga ƙarshen 72 a kai, don ƙirar sabuwar shekara tun kafin tsohuwar shekara ta ƙare ake fara ta. Lambar shasi za ta fara da HLS30, ka gwada ta da ta istimara da wadda aka buga a bangon bayan inji. Akwai wani farantin a ɗakin inji mai lambar injin, ka gwada da wadda ke jikin bulok. Da yawa an cire musu L24 an sa L28 na 280ZX ko na Laurel, don a waje kusan kamarsu ɗaya. Ba mugun inji ba ne, ya fi ƙarfi ma, amma a san abin da ake saya. Ka je da safe ka tarar da ita a sanyi, kada a ɗumama maka ita kafin ka iso. Sannan ku bar ta tana aiki a tsaye ka ga inda allurar zafi za ta tsaya. Mutuwar kafireto daban, tafasar lagireto daban, kada a haɗa maka su.

Ibrahim Samkari: Ka ɗaga kafet, Nasiru. Kada ka ji kunya. Ka cire safaya taya ka haska ramin.

Abu Khadija: Jama'a ga abin da muka gani yau. Mai motar mutumin kirki ne, bai yi gardama ba, da kansa ya kawo ta sana'iya, unguwar masu gyaran motoci. Da aka ɗaga ta Usta ya ɗauki sukuddireba ya danna dogon ƙarfen da ke ƙasan batir, sai kan sukuddireban ya shige. Ya kankare baƙin kwaltar a daɓen gefen direba, sai ga farantin gwangwani an ɗora a kan rami an kama shi da ribit, ko walda babu. Maganaɗisun Malam Ibrahim ya faɗi a gaban tayoyin baya duka biyu. Da muka cire murfin cikin ƙofa akwai busasshiyar laka a kwance a gindinta. Shi kansa mai motar jikinsa ya yi sanyi, ya ce haka ya saye ta da fentinta, kuma na yarda da shi. Injin kam lafiyayye ne, Usta ya saurare shi ya ce ba abin da zai ce.

Raina ya sosu ƙwarai. Motar tana da kyau, kuma na riga na sa ta a zuciya.

Ibrahim Samkari: Sannu Yaya. Tana gyaruwa, kada a ce na ce ta mutu. Ana sayar da sababbin daɓe da dogayen ƙarafan nan, daga waje ake yo odarsu. Amma sai an sauke inji da giya, an ɗaure jikin don kada ya karkace lokacin yanka, sannan duk inda aka buɗe sai an tarar da wani. Fentin nan mai sheƙi kuma da ka biya kuɗinsa, rabinsa zai tafi. Watanni ne a warsha, kuɗin kuma ba wanda zai iya yanke maka shi tun farko. In da mai ita zai sauko sosai, wani mai haƙuri zai iya ɗauka. Ba a wannan farashin ba.

Nasiru (Riyad): Ni ma na dawo. Farantin ƙofa ya nuna watan 10 na 1972, ƙirar 73 ce. Lambar shasi ta yi daidai da istimara, lambar inji ta yi daidai da faranti, L24 ɗinta ne na asali. Na ɗaga kafet, fentin kamfani ne fari a daɓen, har yanzu da abin hana ƙara na asali a manne. Ramin taya a bushe. Ƙarƙashin batir akwai tsatsa ja a sama, na kankara da makulli, ƙarfe ne mai ƙarfi a ƙasa. Maganaɗisu ya kama ko'ina sai wani ɗan wuri a fendar dama ta gaba. Robobi duk sun bushe, tayoyi sun tsufa, birki yana ja gefe. Mun bar ta a tsaye, allura ba ta wuce tsakiya ba, amma da muka kashe muka sha shayi muka dawo, sai da ta wahalar kafin ta kama. Daidai yadda Usta ya faɗa.

Har yanzu in aka ajiye mini 72 da 73 masu lafiya ɗaya, 72 zan ɗauka, ban sauya ba. Amma tsakanin waɗannan biyun, farar ce. Sharaɗina ɗaya, Yaya: duk abin da aka kwance daga injin nan, kafireto da bututu da bawul har noti, a zuba a kwali a rubuta a ajiye. Kada a yar, kada a huda komai a jikin motar. Wanda zai gaje ta wata rana ya samu kayanta cikakku.

Usta Haruna: Na yarda da sharaɗin nan ɗari bisa ɗari. Allah ya yi maka albarka Nasiru, ka duba da kyau.

Abu Khadija, in ta iso kada ka fara da fenti. Birki tukuna, gaba faifai ne baya ganga, duk robobinsu da bututunsu a sabunta. Sai tayoyi. Sai a sauke tanki a wanke, a wanke lagireto, a canza robobin ruwa. Bayan nan kafireto. Wajen nema ka fi neman na 72, za ka gane shi da sukurori uku a murfin kai, na 70 da 71 huɗu ne. Kowanne zai yi aiki, amma ka girgiza sandar totur ɗinsa da yatsa, in tana wasa a raminta iska za ta riƙa shiga ta nan, kuma ba mai iya daidaita maka shi. Irin wannan kafireton yana shan ɗan mai a samansa, ana buɗe murfin a ɗiga, in ya bushe motar za ta riƙa shaƙewa in ka taka. Zan nuna maka, abu ne da za ka riƙa yi da kanka a gida. Robar ƙofar baya kuma kafin Khadija ta shiga, kamar yadda Hajiya ta ce.

Esi ka bar maganarsa zuwa baɗi. Ka fara hawanta daga Nuwamba zuwa Maris ka san halinta.

Abu Khadija: Na kira mai ta Jidda na ba shi haƙuri, mun rabu lafiya. Na tura wa na Riyad arbun, wato kafin alƙalami, ranar Lahadi za mu yi canjin suna, sataha ta ɗauko ta kai tsaye zuwa warshar Usta. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Alhaji, Usta, Malam Ibrahim, Hajiya, Malam Musa, Nasiru. Yanzu wa ya san inda zan samu masu zagayen kan?

Musa Takari: Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. A tashlihi, inda ake kwance tsofaffin motoci a sayar da kayansu, da wuya ka samu na 240Z, amma zan tambaya.

Nasiru (Riyad): Akwai wani a nan da ya mayar da tasa zuwa kafireto ƙirar Weber guda uku, na san ya ajiye tsofaffin nasa masu sukurori uku tare da manifol. Gidan iskar ne ban tabbatar yana nan ba. Zan je in ɗauko hoto in turo wa Usta ya gani kafin a yi maganar kuɗi.

Usta Haruna: Ka ɗauko har da sandunan totur da farantin tare zafi, ka juya su ka ɗauki ƙasansu ma.